Kunnen Jitar Kawu Tanimu

A bayan sif muka same ta,
naɗe cikin tsohon bargo,
mai tsirkiya huɗu, kowace da kaurin igiyar shanya.
Shekara goma sha ɗaya Kawu Tanimu ya yi yana kaɗa ta
a otal-otal na Sabon Gari,
kafin ya koma sayar da taya, ya daina zancenta.
Fentin bayanta ya koɗe
daidai inda kan bel ɗinsa yake gogawa.

Na jona ta da lasifika. Shiru.
Na murɗa, na bubbuga,
sai ƙugi, kamar sauro ya faɗa tulu.
Wuyanta lafiya, katakonta lafiya,
kunnenta ne ya mutu:
ɗan baƙin abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya
yana sauraren rawarta, ya kai wa wuta labari.

Ranar Asabar na shiga Ƙofar Ruwa,
na ce fikof nake nema.
Wani yaro ya ja ni har gaban a-kori-kura,
ya ce, na gaba kake so ko na baya?

A Sabon Gari, Obiora ya juya shi a tafin hannu.
Ya ce, kamfanin da ya ƙera wannan
ya rufe tun ba a yaye ka ba.
Ga sabo nan, ya fi shi sheƙi,
amma ramin ba zai karɓe shi ba sai an fafe katakon.
Na ce ba mai sa mata wuƙa.

Wanda ya fisshe ni bai taɓa riƙe jita ba.
Malam Sha'aibu ne, mai naɗin koyil ɗin fanka
a wata rumfar kwano a Fagge.
Ya ɓamɓare murfin da farce,
ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa,
ya ce, au, ai waya ce da maganaɗisu,
a kan wannan kake ƙarar da takalmi?

Sai dai wayar ta fi gashin jariri siranta.
Sati uku yana cigiya.
Da ta samu, muka aro keken ɗinkin Inna Ladidi,
muka ɗaure ƙwaryar abin a jikin wili,
ni ina takawa, shi yana saki da yatsu biyu,
leɓensa na motsi kamar mai jan carbi.
A dubu uku da 'yan kai ta tsinke.
Bai ce uffan ba.
Ya aiki yaro ya sayo gurasa,
muka ci, muka sake daga ɗaya.

Kusoshin da tsatsa ta cinye,
a gwangwanin wani mai gyaran rediyo na tsinto madadinsu.
Sifirin kuwa na biro ne, biyu na fasa.
Murfin da ya tsage, wani dattijo a Kurmi
ya fiƙe mana shi daga ƙahon sa,
bai yi baƙi wuluk ba, yana da ratsin toka a gefe.
Muka narka kakin zuma a gwangwanin madara,
muka tsoma shi har kumfa ta daina fita.

Bayan la'asar na kai wa Kawu.
Ya daɗe yana goge hannu a riga.
Da ya ja ta sama da babban yatsa,
kwanukan jeren Inna suka amsa daga cikin ɗaki,
ta fito da ludayi a hannu,
ta tsaya bakin ƙofa, miya na ɗiga, ba ta lura ba.

Ya ce, ta uku ta saki, ɗaure ta.
Ya ce, nawa mutumin ya karɓa?
Na ce ya ƙi ko sisi,
so yake a je a kaɗa masa, ya ji abin da ya naɗa.

Kawu ya dubi yatsunsa da suka sandare.
Ya ce, ka ce masa ya ba ni sati biyu.